Tambaya da Amsa: An Sauya wa Manhajata Fuska, Aikina Ya Rikice

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi. Mutum ya kwanta da manhajar da ya sani kamar yunwar cikinsa, gari ya waye ya tarar an sauya mata fuska, abin da yake dannawa ido rufe ya koma wani lungu. Mun ɗauki biyar daga ciki, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sana'ar POS a wani ƙauye kusa da Wudil, ranar Juma'a kuma nakan kai teburina kasuwa. Juma'ar da ta wuce na buɗe manhajar da nake tura kuɗi da ita a waya, sai na ga an sauya komai. Inda nake danna tura kuɗi yanzu wurin sayen kati ne, tarihin ciniki kuwa na neme shi sama da ƙasa na rasa. Ranar kasuwa nakan sallami mutum kamar 150, amma ranar layi ya taru har wasu suka watse. Wani yaro ya ce ƙauyanci ne ke damuna. Laifina ne? Yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ƙauyanci ba ne, ƙwarewarka ce ta ɗaure ka. Duk wanda ya daɗe yana aiki da manhaja ɗaya ya daina karanta abin da ke rubuce a allo, yatsansa ne ya haddace wuri. Kore a ƙasa ta dama, taɓa. Na biyu daga sama, taɓa. Lambobin sirri, shi ke nan. Idonka yana kan mai kuɗi da takardun da kake ƙirgawa, shi ya sa kake iya sallamar mutum 150. Da aka matsar da madannan, haddar yatsa ba ta goge ba, ta ci gaba da kai ka tsohon wuri, inda yanzu wani abu daban ne ke zaune. Yaron da ya yi maka gori bai taɓa haddace tsohuwar ba, don haka babu abin da zai warware.

Asarar kuma ta gaske ce, tana lissafuwa. A ce laluben madanni ya ƙara maka daƙiƙa 20 kacal a kan kowane mutum. Sau 150, daƙiƙa 3,000 ke nan, minti 50 cur na ranar kasuwa, ga mai teburin kusa da kai yana kwashe waɗanda suka gaji da tsayuwa.

Kada ka ɗauka mutanen karkara ne kaɗai ke tirjewa. A 2012 kamfanin Microsoft ya fito da Windows 8 babu madannin Start da ma'aikatan ofis suka saba da shi tun 1995. Kukan da aka yi ya sa aka dawo da madannin a 2013, jerinsa kuma ya dawo a Windows 10 a 2015. A 2018 mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke kan sabuwar fuskar Snapchat, kamfanin ya ja da baya a wani ɓangare na sauyin. Sai dai ba kowane kuka ne ke ɗorewa ba: a 2006 an yi wa Facebook ca da ya kawo shafin da ke jero labaran abokai, yau kuwa shafin nan shi ne Facebook ɗin. Saboda haka abu na farko da za ka tantance a manhajarka shi ne irin sauyin. An matsar da abin ne, an ɓoye shi a ƙarƙashin wani, ko an cire shi ɗungurum? Idan matsarwa ce, cikin 'yan kwanaki hannu zai saba. Idan ɓoyewa ce, za ta riƙa ci maka lokaci kullum, domin taɓi ɗaya ya zama uku. Cirewa kuwa ita ce ta cancanci ka kai ƙorafi ga wakilin kamfanin, ko ka nemi wani.

Tarihin ciniki da wuya a cire shi daga manhajar kuɗi. Duba layin gumakan, wato ƙananan hotunan da ake taɓawa, da ke ƙasan allo, duba ƙaramin rubutun da ke gefen ragowar kuɗinka, sannan layuka uku ko hoton mutum da ke kusurwar sama. Yawanci yana ɗaya daga cikin wuraren nan.

Ka samu dare ɗaya da babu ciniki. Ka jera ayyukan da kake yi kullum: tura kuɗi, duba ko kuɗi sun shigo, buɗe tarihi, sake fitar da rasit. Ka yi kowanne sau biyar a jere, kana faɗin matakin da baki. Na tura kuɗi ka gwada da naira 100 zuwa asusunka na wani banki. Ka zana matakan a bayan kwali ka manna a teburinka. A makon farko kuma ka kafa wa kanka doka: ba za ka sa lambar sirri ba sai ka karanta wa mai kuɗin sunan da ya fito, da banki, da adadi, ya ce haka ne. Yawancin kuskure a wannan lokacin yana faruwa ne a allon tabbatarwa, domin yatsa ya riga ido. Kada kuma ka dogara da launi. Sabuwar fuska takan sauya launin da ke nuna ciniki ya tafi da wanda ke nuna yana rataye, sai mutum ya ga baƙon launi ya zaci bai tafi ba, ya sake turawa, ya biya sau biyu. Karanta kalmar, ka buɗe rasit ɗin. Idan akwai gardama, doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit ɗin tura kuɗi tsakanin bankuna ita banki zai nema.

Don kada a sake yi maka ba-zata: shiga Play Store, nemo manhajar, taɓa ɗigo ukun da ke sama ta dama, ka cire alamar da ke gaban Enable auto update. Ba muna nufin ka daina sabuntawa ba, manhajar kuɗi da ba a sabunta ta haɗari ce. Kai ne za ka zaɓi rana: Asabar, bayan kasuwa ta watse, kana da kwana shida na sabo kafin wata Juma'ar. Na'urar POS kanta kamfani ne ke aiko mata da sabuntawa, ba ka da ikon hanawa, don haka ka kunna ta tun daren Alhamis da cikakken caji, idan akwai abin da za ta sauke ta sauke kana gida. Ka kuma haddace lambar bankinka mai tauraro, wadda ake dannawa ko babu data. Iyakar kuɗin da take turawa a rana ƙarama ce, amma sauyin fuskar manhaja ba ya taɓa ta.

TAMBAYA: Mahaifina yana fataucin dabbobi, kowace Alhamis yana Maigatari. Ba ya karanta boko, amma ya iya saƙon murya a WhatsApp sosai. Na saya masa sabuwar waya, ya ce wannan ba WhatsApp ɗin da ya sani ba ne, ya ajiye ta ya koma ƙaramar waya mai tocila. Ta yaya zan shawo kansa?

AMSA: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, gaskiya ya faɗa. A 2023 an kawo wa WhatsApp tashoshi, wato Channels, wurin Status ya koma Updates. A 2024 kuma aka sauko da shafukan daga saman allo zuwa ƙasa a wayoyin Android, koren zanen da ke sama ya tafi. Wayoyi sun yi tsawo, ƙasa ya fi kusa da babban yatsa, wannan dalili ne mai kyau. Amma ga wanda ba ya karanta boko, wuri da launi da hoto su ne haruffansa. Ka matsar da su, tamkar ka miƙa masa takarda da wani rubutun da bai taɓa gani ba.

Maganin shi ne ka rage masa hanya. Buɗe hirar kowane mutum da yake yawan magana da shi, taɓa ɗigo uku, sai More, sai Add shortcut. Hoton mutumin zai fito a fuskar wayar, taɓi ɗaya ya kai shi cikin hirar ba tare da ya bi ta sababbin shafukan ba. Mutum biyar ko shida sun isa. Wanda bai sa hoto ba, gyara sunansa a wayar ka sa masa alama a gaba: saniya ga dillali, mota ga direba, gida ga Inna. A cikin manhajar kuma ka danne hira ka riƙe, ka taɓa alamar ƙusa. Ana iya kafe hira uku a sama, ba za su riƙa sauka ba idan saƙonni sun shigo. Ka kwashe sauran gumakan da ba ya amfani da su daga shafin farko, ka ƙara girman rubutu da hoto a Settings, ɓangaren Display.

Ka fara nuna masa abin da bai sauya ba. Makirufon saƙon murya yana nan inda ya bar shi, ƙasa ta dama. Wayar ta kasance a hannunsa, ba a naka ba. Idan kai ne ke dannawa yana kallo, yatsanka ne ke koyo. Aiki ɗaya a zama ɗaya, ku biyu kawai, ba a majalisa ba. Dattijo da yawa ba wayar suke gudu ba, kunyar a ga suna lalube a gaban yara ce.

TAMBAYA: Mai cajin waya a garinmu ya ce zai turo mini tsohuwar manhajar bankina ta Xender, in goge sabuwar. In yarda?

AMSA: Kada ka yarda. Android ba ya ɗora tsohuwar manhaja a kan sabuwa, sai an goge ta, kuma gogewar na nufin sake rajistar wayar da banki daga farko. Ko ka yi hakan, bankuna kan rufe ƙofa ga tsofaffin manhajojinsu, za ta buɗe ta ce sai ka sabunta. Mafi muni, ba ka san hannun da fayil ɗin ya bi ba. Ana iya cusa masa abin da zai nemi izinin karanta saƙonninka, a nan kuwa lambobin tabbatarwa na banki ke shigowa. Shi mai cajin ma wataƙila bai sani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Haka abin yake ga WhatsApp: tsoho yana da ranar da yake daina aiki, jabunsa irin su GB kuma suna iya jawo a rufe maka lamba. Inda ake iya komawa baya lafiya shi ne manhajojin da waya ta zo da su daga kamfani, ta Settings, sai Apps, sai Uninstall updates.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu a Ringim. Na sayo kwamfuta huɗu na hannu, sun zo da Windows 11 da sabon Word. 'Yan matan da ke buga mini aiki sun saba da Windows 7, yanzu aikin awa ɗaya yana cin awa biyu, takardu kuma suna fitowa a karkace. Suna so in sa injiniya ya mayar musu da tsohon. Me kuka gani?

AMSA: Hajiya, kada ki mayar. An daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, shi ma Windows 10 tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Chrome, manhajar shiga intanet, ya daina samun sabuntawa a Windows 7 tun farkon 2023, ke kuma kina yi wa ɗalibai rajista a intanet, kina kuma karɓar filashin kowa da kowa. Amma ƙorafin yaranki daidai ne, kuma rabinsa ana kashe shi cikin minti goma a kowace kwamfuta.

Madannin Start da ya koma tsakiya: danna dama a kan layin ƙasa, Taskbar settings, Taskbar behaviors, ki mayar da Taskbar alignment zuwa Left. Gajeren jerin da ke fitowa idan an danna dama a kan fayil: a riƙe Shift sannan a danna, tsohon cikakken jerin zai fito, ko a taɓa Show more options a ƙarshensa.

Takardun da ke fitowa a karkace ba laifin hannun yaran ba ne, saitin da Word ya zo da shi ne. Sau da yawa girman takarda yana kan Letter ta Amurka, ku kuma A4 kuke sawa a firinta; A4 ta fi ta tsawo kuma ba ta kai ta faɗi ba, shi ya sa gefe ke tafiya. Shiga Layout, Size, More Paper Sizes, zaɓi A4, danna Set As Default. Rubutun ma ba Times New Roman mai girman 12 da makarantu ke nema ba ne. Tun 2007 aka koma Calibri, daga baya Aptos. Danna Ctrl da D, zaɓi Times New Roman da 12, Set As Default, ki zaɓi duk takardu, ba wannan kaɗai ba. A akwatin Paragraph kuma akwai tazarar 8 da ake ƙarawa bayan kowane sakin layi. Ki mayar da ita sifili, nan ma ki kafe. Waɗannan ukun su ne ke sa aikin shafi goma ya fito shafi goma sha biyu, a yi ta gardamar kuɗi da mai aiki.

Sauran kuwa da tsohuwar zuma ake magani. Madannan kibod ba su sauya ba: Ctrl da S ajiyewa, Ctrl da P bugawa, F12 ajiyewa da sabon suna, F2 sauya sunan fayil, madannin Windows da E buɗe fayiloli. Duk umarnin da suke yawan nema a Word, su danna dama a kansa su zaɓi Add to Quick Access Toolbar. Zai zauna a ɗan layi guda, Alt da lambarsa su kira shi. Wanda suka rasa gaba ɗaya, Alt da Q, su rubuta sunansa. Ki fara da wadda ta fi sauri a cikinsu, ki ba ta kwana biyu ba tare da aikin gaggawa ba, ita za ta koya wa sauran fiye da yadda injiniya zai koya musu.

TAMBAYA: Na haɗa wata manhaja da masu injin casar shinkafa a yankin Kura ke rubuta buhunan da suka shigo da bashin 'yan kasuwa. Na shafe wata uku ina gyara mata fuska, ta yi kyau ƙwarai. Da na sake ta, masu inji uku suka ce in mayar musu da tsohuwar ko su koma littafi. Na ji zafi. Ashe mutanenmu ba sa son ci gaba?

AMSA: Malam, mun fahimci zafin, amma mutanen da suka bar littafi suka karɓi manhajarka tun farko ba za a ce ba sa son ci gaba ba. Ka dubi abin ta kujerar Alhajin da ke da injin. Shi bai sayi kyau ba, ya sayi magatakardan da ke rubuta buhu yana sauka daga sikeli ba tare da mota ta jira ba. Ya riga ya biya kuɗin koyo sau ɗaya, da lokaci da kurakuran farko. Sabuwar fuskarka ta zo tana neman ya sake biya, ba ta kuma nuna masa ribar da zai samu ba. Idan magatakarda ya rubuta buhu 40 a sunan wani ɗan kasuwa daban, Alhaji ne zai zauna sulhu, ba kai ba. Manyan kamfanoni ma sun ƙone a nan. A Mayun 2024 kamfanin Sonos mai ƙera lasifika ya saki sabuwar manhaja wadda ta rasa wasu ayyukan da tsohuwar ke yi, rikicin bai lafa ba har shugaban kamfanin ya sauka a Janairun 2025.

Abu na farko, ka mayar musu da tsohuwar fuskar a matsayin zaɓi, da madanni ɗaya a bayyane, bayanan kuma su zama ɗaya a duka biyun. Sannan ka je injin da kanka ranar da aiki ya yi yawa. Kada ka yi bayani, ka tsaya bayan magatakarda da agogo. Ka ƙirga taɓi nawa da daƙiƙa nawa rubuta buhu ɗaya ke ci a tsohuwa, nawa a sabuwa. Idan sabuwa ta fi yawa ko da taɓi ɗaya ne, a aikin da ake maimaitawa sau ɗaruruwa a rana, to masu injin ne ke da gaskiya. Mutum biyar sun isa wannan gwaji. Tun shekarar 2000 masanin nan Jakob Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin amfani.

Ka kula da abin da ofis ke ɓoye maka. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana kyau a ɗaki, amma a tsakar rana a bakin sikeli ba ya ganuwa. Siririn madanni yana kuɓuce wa yatsa mai ƙurar dusa; ƙa'idar Google ita ce wurin taɓawa kada ya gaza kimanin milimita 9. Hotuna masu motsi da ke tafiya sumul a wayarka suna sa ƙaramar wayar magatakarda ta riƙa tsayawa. Gunki babu rubutu a ƙarƙashinsa kacici-kacici ne. Idan kuma tsohuwar tana aiki babu sabis, sabuwa kuwa sai da data, to wannan ba sauyin fuska ba ne, cire aiki ne.

Akwai abubuwan da ba a taɓa su sai da dalili mai ƙarfi: wurin madannin ajiyewa, jerin gurabun da ake cikewa, da kalmomin da mutane suka saba. Idan sun saba da suna, sai buhu, sai kilo, sai farashi, ka bar su a haka. Idan tsohuwar ta ce bashi, kada sabuwa ta kira shi da wani suna. Kada kuma ka sa madannin gogewa a inda na ajiyewa yake a da, wannan tarko ne ga duk tsohon hannu.

Sauyin da ya rage ka shigo da shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne tare da abin da suka daɗe suna roƙo, misali jimillar bashin kowane ɗan kasuwa a shafi guda da za a iya tura masa ta WhatsApp. Kafin kowane sauyi ka aika wa masu inji da magatakardansu saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, mako guda kafin ranar, ka faɗi abin da zai matsa da inda zai koma. Idan ta Play Store kake rabawa, akwai damar sakin sabuntawa ga kashi kaɗan na masu amfani, ka kuma tsayar idan ƙorafi ya taso; sai dai tsayarwar ba ta mayar da waɗanda suka riga suka sauke, shi ya sa zaɓin komawa tsohuwar fuska ya zama dole ya kasance a cikin manhajar kanta. Ka kuma duba kalandar injin kafin taka. Kada ka saki komai a tsakiyar kaka ko lokacin da shinkafar rani ke shigowa. Ka bari sai motoci sun ragu a bakin injin, magatakarda ya samu sararin zama da kai a kan benci ya gwada.